Cinikin Muƙamuƙi

Litinin, da hantsi

An ce in rage magana. Ni fa, mutumin da ya gina gidan nan da baki, ya aurar da 'ya'ya da baki. Shekara talatin da ɗoriya ina dillancin kayan gida na hannu, firji, fanka, keken ɗinki, janareto, ban taɓa ɗora ko ɗaya a kafaɗa ba, harshe ne yake lodi yake saukewa. A kasuwa Rediyo suke ce min. To magana kamar ruwan sama ce a kan rufi, in ka toshe mata indararo sai ta nemi wata kafa ta zubo. Shi ya sa na karɓi wannan littafin a wajen 'yata Auta, in riƙa zubawa a nan.

Baƙon da ya sauka min a ƙarƙashin harshe ya tafi, haka suka ce a asibiti. Ba zan rubuta sunansa ba, wanda aka kora da ƙyar ba a ambatonsa a tsakar gida. Makonni suka yi suna kwantar da ni a ƙarƙashin injin nan, a ɗaure min fuska da raga kamar kifin da ya shiga koma, a gasa ni da hasken da ido ba ya gani. Ya ƙone, alhamdu lillahi. Sai dai wanda ya sa wuta a ɗaki don ya kashe maciji, kada ya yi mamaki in bango ya tsage. Bangon shi ne ƙashin muƙamuƙina na hagu. Gobe za a duba shi.

Matata, wadda nake kira Hukuma tun muna da baƙin gashi, tana can kan kekenta tana ɗinki. Na yi tari don ta leƙo. Ba ta leƙo ba. Ta san tarin gaske, ta san na neman hira.

Talata, bayan azahar

Likitar yarinya ce, da kaɗan ta girmi Auta. Ta kafa hoton ƙashina a jikin fitila tana nunawa da biro.

"Baba, hasken da ya ƙone ciwon ya tsuke ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙashin nan. Yana da rai, amma da yunwa yake kwana. In ya ji rauni yanzu, ba lallai ya warke ba. In ya mutu kuwa, sai mun yanke shi." Ta ja biron daga ƙasan kunne zuwa kusa da haɓa, a hankali, kamar mahauci yana nuna wa mai saye inda cinya ta ƙare.

Na ce, "In an yanke, da me zan yi magana?"

Ta ce, "Za ka yi. Ba irin wadda ka saba ba dai."

Sai ta baje kayanta. Magani iri biyu. Akwai wata doguwar farar ƙwaya, ita ce wai take sa jini ya kutsa ta hanyoyin da suka tsuke. Akwai kuma wata 'yar mai laushi, ruwan zinariya, bitamin E, mai share tsatsar da hasken ya bari a nama da ƙashi. Ta ce tare suke aiki kamar allura da zare. Hukuma ta gyaɗa kai, an taɓo sana'arta. Za a sha kullum ba fashi, har wata shida. Sannan ta ɗaga yatsa: kada a cire min haƙori ko ɗaya a ɓangaren hagu, ko a ina, ko wane ne, sai a hannunta.

Na ce, "Likita, ba ke ce kika ƙwace min kwalbar bitamin lokacin da ake gashin ba? Har da faɗa?"

"Ni ce. A lokacin ba ma son wani abu ya zame wa ciwon garkuwa. Yanzu wuta ta gama aikinta, ƙashi muke so mu kare."

Amsa mai tsabta, ban ƙi ba. Amma na daɗe a kasuwa. In na ga kaya ɗaya, jiya haram yau wajibi, sai in gyara zama.

Wata shida ta sa suna. Ko ɗan goye ya san sunan farko ba shi ne kuɗin kaya ba, ana faɗarsa ne don a sami abin ragewa. Na taya wata biyu. Ta dube ni ta saman tabarau. Na ce to uku, a duba furfura.

"Shida, Baba. Watakila ma ya wuce."

Ka ji fa! Ana tayawa tana ƙarawa. Sai na yi abin da bai taɓa ba ni kunya ba. Na gyara hula, na miƙe a hankali, na karkaɗe rigar da ba ta da ƙura, na nufi ƙofa ba gaggawa. Na tsaya gyara takalmi. A daidai nan ake cewa, "Zo mana Alhaji, ai ba a haka." Ban taɓa fita daga rumfa ba a faɗa ba. Na kama hannun ƙofa. Na murɗa.

Ta ce, "Mai bi ya shigo."

Hukuma ce ta tsaya ta karɓi maganin da ranar dawowa. A mota ta rungume ledar kamar jariri. Na raɗa wa likitar suna Ba-Ragi.

Alhamis, da safe

Suna da lambata. Ba su kira ba. Mai kayan da ya san kansa yakan bar mai saye ya kwana biyu yana tunani. Na sani, ni ma ina yi.

Asabar, da yamma

Mai ruwan zinariyar ba ta da laifi, sulɓi take wucewa. Farar ce 'yar banza. In na sha sai ɗaki ya kama juyawa, fankar sama ta tsaya ni in riƙa zagayawa, zuciya tana tashi har azahar. Maganin da aka aika ƙashi, me ya kai shi ciki?

Na yanke hukunci. Ta ce farar safe da yamma, ni na ce babu, sai mu haɗu a tsakiya. Ta safe in sha a gaban Hukuma. Ta yamma, lokacin tana sallamar masu karɓar ɗinki, ta shiga aljihu. Don kada a ce na yi zalunci na ƙara mai zinariya ɗaya, gyara ke nan. Ciniki ya faɗa, ko da yake ɗaya ɓangaren bai san an yi ba.

Bakina a bushe kamar tsohon takalmi. Baƙon nan da zai tafi da yawuna ya tafi. Gorar ruwa ba ta barin hannuna, in yi 'yar magana in kurɓa. Abinci duk sai an dama an tace, ayaba, madara, romo, cimar marasa haƙora, ni kuwa ga ni da nawa.

Litinin, bayan la'asar

Abin da tagar ɗakin nan take nuna min: katangar maƙwabci, rabin shagon mai aski, sai turken wutar lantarki da tallan maganin basir a jikinsa. Yau wani ya tsayar da mai tallan katifa a daidai nan. Mai katifa ya faɗi kuɗi, mutumin ya sa hannu a aljihu. Haka kawai! Na buɗe baki in daka masa tsawa, muƙamuƙi ya riƙe. Na bubbuga ƙarfen taga. Ya waiwayo ya ɗaga min hannu, wai Allah ya ƙara sauƙi Baba. Ya saɓi katifarsa ya tafi yana murna, an yanka shi ba jini.

Turmin haƙorina na ƙasa ta hagu ya fara zugi in ruwan sanyi ya taɓa shi. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, da hantsi

Mai Agogo ya zo. Rumfarsa ta gyaran agogo tana jikin bencina, tun muna samari da zagin juna muke karya kumallo.

Tun daga bakin ƙofa: "Ina Rediyon? An ce an cire masa batir!"

Na ce, "Shigo, ɓarawon lokaci. Har yanzu kana karɓar agogon mutane da lafiyarsa kana mayar musu da gawa?"

"Wallahi kasuwa ta yi shiru, har ina jin agogona suna tafiya. Duk shekarun nan ban san suna ƙara ba."

Ya zauna ya zazzage labari. Wani ɗan gaye mai wayoyi biyu ya fara zama a kan bencina, wai shi ma dillali ne, hoto yake aikawa ya yi ciniki bai ga idon mai saye ba. Wata mata ta zo neman firji ta ce sai Rediyo, aka ce ba ya nan, ta saya a hannun ɗan gayen. Na yi dariya don kada ya gane. Dariyar ta taɓa haƙorin, na dafe kunci.

"Haƙori ne? Haba, wannan ai ba ciwo ba ne. Ga Mai Filaya nan a bayan kasuwa, kafin ka ce wash ya miƙo maka shi a tafin hannu. Nawa biyu ya cire, ga ni ina cin ƙashi."

Na ce Ba-Ragi ta hana.

"To da me za ta ce? Ka taɓa ganin mai shagon da ya ce je ka saya wajen maƙwabcina? Kai fa ka koya min wannan."

Ni ne kuwa.

Juma'a, da safe

Yau ce ranar komawa. Hukuma ta shirya da wuri, ta yafa mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka.

"Baban Auta, tashi mana."

Na ce ba inda za ni. Na yi mata bayani da haƙuri, yadda ake yi wa sabon shiga. Wanda ya bar rumfa da ƙafarsa ba ya komawa sai an kira shi. In ya koma da kansa ya nuna yana so, kaya kuma ya yi tsada. Shidan nan sai ta haihu.

"Asibiti ne fa, ba rumfar firji ba."

"Ko ina mutum mutum ne, Hukuma."

"Ƙashi kuma ƙashi ne."

Ta cire mayafin, ta ninke shi, ta koma kan keke. Yau da ƙarfi take taka shi. Duk mai ɗinkin nan riga mai fushi zai sa.

Lahadi, bayan azahar

Haƙori.

Litinin, da safe

Kanumfari, ruwan gishiri, man zafi a kunci. Kamar ana buga ƙusa, a zare, a sake bugawa a rami ɗaya. Ba su kira ba.

Talata, da yamma

Na ce ko wayar ce ta lalace. Na sa Auta ta kira ni daga tsakar gida. Ta shiga. Lafiyarta lau.

Alhamis, bayan la'asar

Hukuma ta tafi kai ɗinkin wata makaranta, ta ce za ta daɗe. Na fita shan iska.

Rabona da kasuwa tun kafin gashi. Ban bi ta layinmu ba, na zagaya ta baya, ta wajen masu walda da masu tsofaffin tayoyi, hankici a kunci. Warin wurin kawai, baƙin mai da ƙarfe mai zafi da ruɓaɓɓen lemo, sai da idona ya kawo ruwa. Akwai wata rumfa a ƙarshen layin, an zana haƙora a allo, farare tas, sun fi na duk mutanen layin kyau. Benci, kujera mai jingina, kwano, da wani gwangwani cike da abin da ban so kallo ba. Mai Filaya mutum ne mai fara'a. Bai nemi hoto ba, bai nemi tarihi ba. Ya leƙa ya ce, "Wannan? Ai shi ma ya gaji da zama."

Ya faɗi kuɗi. Na taya. Ya ce albarka. Na gyara hula, na miƙe, na karkaɗe riga. Ko inuwar rumfar ban fita ba.

"Zo mana Alhaji! Ai ba a haka."

Wanda bai yi kasuwa ba ba zai gane ba. Watanni ke nan ana kwantar da ni ana tayar da ni, buɗe baki, rufe baki, kada ka motsa, mai bi ya shigo. Yau na juya baya an kira ni.

Sauran ba na rubutu ba ne. Na riga Hukuma dawowa.

Juma'a, da hantsi

Barci na yi kamar biya na aka yi. Zugi ya tafi ɗungurungum. Na ce wa Hukuma kanumfari ne ya yi aiki. Ta dube ni, ta dubi hankicin da na jiƙa a bokiti da kaina, ni da ban taɓa wanke ko safa ba.

Ina ma Ba-Ragi ta gan ni yau.

Litinin, da yamma

Mai Agogo ya ce ramin nasa haƙorin cikin 'yan kwanaki ya rufe. Jikin kowa da irinsa.

Laraba, da safe

Bai rufe ba.

Asabar, bayan azahar

An hana harshe magana ya koma leƙen asiri. Yana zuwa wurin ko ban aike shi ba. Akwai wani abu a ƙasan ramin, mai tauri, mai kaifi-kaifi, ba nama ba ne. Na ce ko guntun saiwa aka bari. Na ɗauki madubin Hukuma na tsaya a taga, baki ya ƙi buɗuwa yadda zan gani. Da, yatsu uku suna shiga a tsaye. Yau biyu, su ma da lallashi.

Leɓena na ƙasa ta hagu kamar na aro. Na mintsine shi ban ji ba. Shayi ya zubo min a riga, ban sani ba sai da na ji ɗumi a ƙirji.

Na sha farar ta yamma yau. Har biyu na haɗa. Ɗaki ya yi ta juyawa, na riƙe gado, ramin yana nan inda yake.

Litinin, bayan la'asar

Auta ta kawo min romo, ta zauna kusa da ni tana ba ni labarin wurin aikinta. Can sai ta ɗan matsa. Can ta tashi ta buɗe taga, wai zafi. Ruwa ake yi a waje.

Ashe bakin ya fara wari. Na daina fuskantar mutum in zan yi magana. Bango nake yi wa bayani.

Laraba, da safe

Na sa farar riga, na kai hannu aljihu, hannu ya zame. Na sake kaiwa. Babu aljihu. An ɗinke bakinsa, ɗinki mai kyau, ƙanana-ƙanana, da zare kalar rigar. Na buɗe akwati. Shuɗiyar, mai ruwan toka, ta fita kunya, har wandon zaman gida. Duka, na gefe da na ƙirji.

A kan tebur ga ƙaramin faranti, an jera fararen ƙwayoyi a kai. Wasu sun sha wanki sun narke rabi, wasu da gashin aljihu a jikinsu. Keke yana ta tafiya a ɗayan ɗakin.

Na zauna a bakin gado na rasa inda zan sa hannuna.

Laraba, bayan azahar

Keken ya tsaya. Ta shigo da wayarta, ta kunna fitila.

"Buɗe."

"Hukuma, ai dai..."

"Malam, buɗe bakinka."

Ba ta ce min Malam sai rana ta ɓaci. Na buɗe iya yadda ya buɗu. Ta daɗe tana haskawa. Ta kashe fitilar, ta zauna a ƙasa, ga kujera kuwa a gefenta.

"Ina haƙorin?"

Na dubi fanka.

"Ƙashi nake gani, Baban Auta. Fari, a fili."

Na fara cewa ai jikin kowa da irinsa. Ta ɗaga hannu.

"Tun da na shigo gidan nan kake magana ina ji. Ka yi ciniki da mai gidan haya, ka yi da ungozoma, ka yi da malaman makarantar yara, na yi shiru don kana dawowa da riba. Amma bakin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Ni ban iya zaman gidan da ba a surutu ba. Ban iya ba." Sai ta rufe fuska da gefen zane.

Na sauko ƙasa na zauna kusa da ita.

Alhamis, da yamma

Mai Agogo ya zo, Hukuma ta tare shi a ƙofar gida. Ina ji ta taga.

"Wallahi Hajiya nawa biyu ya cire, ko ciwon kai ban yi ba..."

"Kai an gasa ka?"

Ya ajiye lemo a leda ya tafi. Lemon ma ba na iya sha, ƙona ni yake yi. Shi dai rumfa ya nuna, ba shi ya zauna a kujera ba.

Gobe za mu koma. Ba a kira ni ba. Da ƙafata.

Juma'a, bayan azahar

A bencin jira na haɗu da wani direban babbar mota da muka yi zaman layin injin tare, mutum mai barkwanci, shi ne yake hana mu tunani. Yanzu gefen fuskarsa ya faɗa ciki kamar buhun da aka kwashe rabi. Ya gane ni, ya riƙe hannuna, ya yi min magana mai tsawo. Ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Na ce, "Ƙwarai kuwa, haka ne." Matarsa ta ce, "Tambayarka yake yi yaya jiki."

Na shirya wa faɗan Ba-Ragi, na tanadi amsoshi tun a mota. Ba ta yi faɗa ba. Ta leƙa, ta taɓa wurin da ƙarfe, na ji ƙas-ƙas a cikin kunne amma ban ji zafi ba. Ta ce yaushe aka cire. Hukuma ta amsa, har ranar. Ashe ta sani. Aka tura ni sabon hoto, muka dawo.

"Ƙashin ya fara mutuwa a bakin ramin. Bai kai ƙasa ba tukuna."

Farar da mai zinariya suna nan. An ƙara na kashe ƙwayoyin cuta, da ruwan kurkure baki, da wata ƙwaya ta uku mai hana ƙashi zaizayewa, ita da sassafe ake sha kafin a ci komai. Kuma ba wata shida ba ne yanzu, shekara ce, ko fiye. In mutuwar ta tsaya, za ta kankare mataccen kawai. In ta ci gaba, biro. Daga kunne zuwa haɓa.

Na gaya wa Hukuma kaya zai yi tsada in mun koma. Ban so in yi gaskiya irin wannan ba.

Sai bakina ya buɗe da kansa, sabo. "Likita, a dai duba..." Hukuma ta take min ƙafa.

Ba-Ragi ta ajiye biron. "Baba, an ce min kai dillali ne. In mai kaya ya yanke kuɗinsa ya bar maka kaya ya tafi, kana ragewa?"

"Sai dai in rage la'adata."

"To ni la'adar ma ba ni da ita. Saƙo nake kawowa. Mai kayan yana cikin bakinka, kuma ba ya jin lallashi."

Makonni ke nan ina ja wa ɗan aike aji.

Da murya ƙasa-ƙasa na ce farar tana juya min ɗaki. Ta ce me ya hana ni faɗa tun farko? A tsakiyar abinci ake shanta, kuma da ta fara min da kaɗan ta riƙa ƙarawa har jiki ya saba. Wato akwai ragin, a wani layin yake, ban tambaya ba ne.

Lahadi, da safe

Faranti, ruwa, Hukuma a tsaye. "Ɗaga harshe." Na ɗaga. Ko gidan yari sai haka.

Talata, da yamma

Katanga. Rabin shagon mai aski. Turken wuta. An liƙa sabon talla a kan na basir.

Alhamis, da hantsi

Yatsu biyu. Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ina aunawa da safe, ina aunawa da rana, har Hukuma ta ce zan faɗaɗa shi da awo.

Asabar, bayan la'asar

Direban nan ya ƙi fita daga kaina. Na ja kujera na zauna kusa da keke, abin da ban taɓa yi ba. Ta ci gaba da ɗinkinta.

Na ce, "In an yanke, za ki riƙa gane abin da nake cewa?"

Ta gutsure zare da haƙori. "Rabin abin da kake faɗa da ma ba na saurara. Sauran kuma na haddace."

"Hukuma, da gaske nake."

"Ni ma. Riƙe min bakin yadin nan, kada ka ja."

Na riƙe. Har magariba ina riƙe yadi. Dillalin da kasuwa ke tashi ta gaishe shi ya zama turken tela.

Litinin, da safe

Fara. Zinariya. Kurkura. Ɗaga harshe.

Laraba, da yamma

Mai Agogo ya aiko a ce min ɗan gayen ya sayar wa wani janareton da ba ya tashi, an yi ta kai ruwa rana. Da a ce da ne, da na yi sati ina cin labarin nan. Yau na ji ne kawai.

Lahadi, bayan azahar

Auta ta zo ta zauna kusa da ni har ta gama labarinta. Ba ta buɗe taga ba. Ban ce komai ba, kada in tsorata abin.

Juma'a, bayan azahar

Makonni sun ja tun zuwanmu na baya, yau aka sake dubawa. Jiya na yi wa Hukuma surutu har ta ce in bar na gobe. Na ce ban san ko akwai na gobe ba.

Ba-Ragi ta sa ni a kujera, ta haska, ta daɗe tana kankara. Can ta zaro wani abu ta ajiye a farantin ƙarfe, ƙaramin ɓallin ƙashi, kamar ɓawon ƙwai. Na dube shi, nawa ne, da shi na yi cinikin duniya. Sai na ji ɗanɗanon jini.

Ta ce, "Yauwa! Mama, zo ki gani." Hukuma ta leƙa. Mata biyu a kaina suna murna da jinina.

"Mataccen ƙashi ba ya jini, Baba. Na ƙasan yana da rai."

Hoto ya nuna abin bai ci gaba ba. Na ce wuƙa fa? Ta ce ba yau ba, kuma ba ta ce an fasa ba. Leɓen watakila ya dawo, watakila ya zauna haka. Magani yana nan yadda yake, shekarar ba a taɓa ta ba, ranar da na yi fashi kuma mai kayan zai sani kafin ita.

Na ce na ji. Hukuma ta juyo ta dube ni, tana jiran sauran. Babu saura.

Na miƙe da sauri, kada bakina ya ja min. Ban gyara hula ba, ban karkaɗe riga ba, takalmi ma ban dube shi ba. Na kama hannun ƙofa. Na murɗa.

"Baba, zo mana."

Ƙafata ta riga ni tsayawa. Wallahi na ce yau dai an sallama. Na juyo a hankali, fuska a ɗaure, yadda ake juyowa.

Tana riƙe da ledar maganin. "Ka manta kayanka."

Hukuma ta ce, "Ba shi da aljihu ne, Likita."

Na koma na karɓa da hannu biyu. A mota ni na rungume ta.